Darasi na Tara: Samun Sautin Mono daga Rediyon Ɗaki Ba Tare da Ƙona Shi Ba

A gidaje da yawa na Dutse, daga Garu zuwa Takur da Limawa da Fagoji, haka kuma a Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, za ku tarar da rediyon ɗaki mai lasifika biyu, ko irin wanda ake kira hom tiyata. Waɗanda suka ƙera shi sun yi shi ne don a jera lasifikokin a ɗaki ɗaya, mai sauraro ya zauna a gabansu, ɗaya ta hannun damansa, ɗaya ta hagunsa. Zaman gidajenmu kuwa ba haka yake ba. Idan azumi ya kama, maigida yana so maza su ji tafsiri a zaure, iyali kuma su ji a tsakar gida suna aikin buɗa-baki. Mai shago yana son lasifika ɗaya a ciki, ɗaya a bakin rumfa. Malamin Islamiyya yana da aji biyu amma na'urarsa ɗaya ce. Ranar suna ko walimar sauka, baƙi sun kasu wuri biyu, kowane ɓangare yana son ji.

Sai a ja waya, a kai lasifika guda can, a bar guda nan. Sau da yawa abin yakan yi daidai. Amma wata rana na zaure su ji muryar mai karatu rangaɗaɗau, na cikin gida su ji ta can ƙasa-ƙasa, ko ma su ji shiru. A nan ne wani zai kawo shawarar da ta fi kowace jawo asara: a murɗe wayar lasifikar hagu da ta dama wuri guda don sauti ya gauraya. Masu gyaran rediyo sun san inda wannan shawara take ƙarewa, domin a kan teburinsu ne. Darasin nan zai bayyana abin da ke ƙona na'urar, sannan ya nuna hanyoyin da ake bi buƙata ta biya ba tare da asara ba.

Mono da sitiriyo

Sautin mono hanya ɗaya yake bi. Ko lasifika goma aka jona masa, duk abu ɗaya za su faɗa. Kiran waya mono ne. Lasifikar masallaci mono ce. Tashoshin da iyayenmu suka saba kamawa a gajeren zango, irin sashen Hausa na BBC da ya soma aiki a 1957, duk da mono suke isowa.

Sitiriyo kuwa hanya biyu yake bi, kowace da nata sautin. A jikin na'ura za ku ga harafin L a ɓangaren hagu, da harafin R a ɓangaren dama. Wani injiniya ɗan Ingila mai suna Alan Blumlein ne ya yi rajistar wannan fasaha a 1931, amma sai a 1958 faifan garmaho na sitiriyo ya bazu a kasuwa, a 1961 kuma aka amince tashoshin FM na Amurka su riƙa watsa shiri da shi. Manufarsa ita ce kunne ya ji kamar ana kiɗan a gabansa, wannan kayan kiɗa ta nan, wancan ta can.

Mai haɗa sauti a situdiyo shi yake rabon. Yakan sa muryar mawaƙi daidai wa daida a hagu da dama, abin da ake kira tsakiya, sannan ya karkatar da wani kiɗa zuwa hagu, 'yan amshi ko wani kiɗan zuwa dama. Shi ya sa idan an raba lasifikoki ɗaki biyu, muryar takan kai ko'ina amma sauran abubuwa su ɓace wa wasu. Akwai kuma matsalar da ta fi damun masu sauraron wa'azi da tafsiri. Karatu da yawa da ake turawa a memori an ɗauke su ne a masallaci da kebul ɗin da bai dace ba, sai sautin ya shiga ɓangare guda kawai. Irin wannan ne ke sa lasifikar cikin gida ta yi tsit, a yi zaton ta lalace alhali lafiyarta ƙalau.

Mono shi ne maganin duk wannan, domin yana tara abin da ke hagu da abin da ke dama ya ba kowace lasifika cikakken rabo. Yana kuma amfanar wanda kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, idan zai sa iyafis.

Dalilin da ya sa na'ura take ƙonewa

Sauti yana bin matakai uku. Da farko akwai tushensa: wayar hannu, talabijin, DVD ko kwamfuta. Daga nan ya shiga amfilifaya, wadda ke ƙara masa ƙarfi. Daga amfilifaya ya fita zuwa lasifika. Kafin ya shiga amfilifaya ɗan ƙaramin sauti ne, ƙarfinsa bai cika wuce bolt ɗaya ko biyu ba. Bayan ya fito kuwa ya zama wuta mai ƙarfin girgiza lasifika. Dokar darasin nan gaba ɗaya ita ce: a haɗa hagu da dama kafin sauti ya shiga amfilifaya. Bayan ya fito, kowane ɓangare da tasa lasifikar, kuma wayoyinsu ba sa taɓa juna.

A cikin akwatin rediyon sitiriyo amfilifaya biyu ce, ta hagu da ta dama. An gina kowace ta dage a kan ƙarfin da aka umurce ta ta fitar, ko me ya tare mata hanya. Manoman fadama za su gane wannan da sauri. A ɗauki injin ban-ruwa biyu a haɗa bakinsu da guntun tiyo ɗaya, a tayar da su duka. Ruwan ba zai kai gona ba, kowane inji zai riƙa tura shi cikin ɗan'uwansa har wani abu ya fashe. Haka amfilifayar hagu da ta dama suke yi wa juna idan an murɗe wayoyinsu: duk lokacin da sautinsu ya bambanta, wadda ta fi ƙarfi a wannan daƙiƙa za ta tura wuta cikin ɗayar, ita ma ɗayar ta mayar.

Bari mu yi lissafi, domin a ga girman abin. Akwai ƙa'idar da wani Bajamushe, Georg Ohm, ya wallafa a 1827, wadda duk mai aikin lantarki yake dogara da ita. Ta ce idan aka raba yawan bolt da yawan turjiyar hanya, za a sami yawan wutar da ke gudana. Ana auna turjiya da om, alamarta Ω, ana auna wutar da ke gudana da amfiya. Lasifika mai om 8 idan an tura mata bolt 8, amfiya 1 ce za ta bi ta cikinta, kuma wannan aikin amfilifaya ne na kullum. Amma mafitar amfilifaya turjiyarta ƙanƙanuwa ce, ba ta kai om ɗaya ba. A ce hanyar da ke tsakanin hagu da dama rabin om ce, kuma bambancin da ke tsakaninsu ya kai bolt 8. Wutar da za ta nemi gudana amfiya 16 ce, ninki goma sha shida kenan, kuma duk zafi za ta zama a cikin taransisto ko ai-si ɗin da ke fitar da sauti. Na'ura mai kariya za ta kashe kanta, wata ta rubuta PROTECT a fuskarta. Wadda ba ta da kariya sai dai a ji ƙaurin ƙuna.

Wani zai ce ai ya taɓa yi, kuma babu abin da ya faru. Gaskiya ne yana yiwuwa, kuma wannan ne ya sa al'adar ta ƙi mutuwa. Idan ana sauraron magana wadda hagu da damanta iri ɗaya ne, kuma ba a ƙure ƙara ba, bambancin kaɗan ne, na'ura takan jure na ɗan lokaci. Ranar da aka sa waƙa mai rabon kiɗa aka ɗaga ƙara, ko yaro ya murɗa maɓallin BALANCE gefe guda, ranar ce za a yi asara. Sau da yawa kuma taransiston da ya ƙone yakan saki wuta kai tsaye cikin lasifika, ita ma ta bi shi.

Akwai wasu kurakurai biyu 'yan uwan wannan. Na farko shi ne haɗa baƙaƙen wayoyin, wato ɓangaren da ke da alamar ragi, da tunanin ai duk ƙasa ce ɗaya. A tsofaffin na'urori da yawa haka ne. Amma rediyon mota da ƙananan amfilifayoyin zamani masu aiki da batir ko sola, galibinsu jar waya da baƙar duk suna ɗauke da wutar sauti, saboda haka haɗa baƙi da baƙi yana ƙona su kamar yadda haɗa ja da ja yake yi. Tunda ba a gane wannan da ido daga waje, a ɗauka kowace na'ura haka take.

Na biyu shi ne jona lasifika ɗaya tsakanin jar tashar hagu da jar tashar dama. Lasifikar da aka jona haka bambancin da ke tsakanin ɓangarorin kawai take ji. Muryar malami ko mawaƙi, da yake iri ɗaya ce a hagu da dama, sai ta shafe, a bar mutum da amsa-kuwa da ɓurɓushin kiɗa. Wasu manyan amfilifayoyi na masu hayar kayan sauti suna da maɓalli mai suna BRIDGE wanda ke halatta irin wannan joni, domin yana juya ɓangare guda ta ciki. Idan na'urarku ba ta da wannan maɓalli da zanen yadda ake jonin a bayanta, ba a yi ta don haka ba.

Hanyoyin da ba sa buƙatar taɓa waya

A fara duba jikin na'urar. Wasu suna da maɓalli mai rubutun MONO, ko ST/MONO, ko FM MODE. A na'urori da dama wannan maɓalli na rediyon FM ne kawai, ba ya taɓa sautin da ya shigo ta AUX ko memori, don haka a gwada a tabbatar. Yana da wani amfani ga mutanen da ke nesa da gari. Tashar FM tana aika jimillar hagu da dama a babbar hanya mai ƙarfi, ta aika bambancinsu a wata hanya mai saurin kama ƙura. Wanda yake sauraron Rediyon Jigawa ko Freedom Radio ta Dutse daga wani ƙauye a Gwaram ko Miga ko Buji, idan ya ji shuuu ta rufe magana, ya danna mono. Sau da yawa ƙarar takan ragu ƙwarai, magana ta fito.

Idan daga wayar hannu sautin yake fitowa, to aikin ya zo da sauƙi. Wayoyin Android, irin su Tecno da Infinix da itel da Samsung, galibi suna da wurin mayar da sauti mono. A shiga Settings, a nemi Accessibility, a kunna Mono audio. iPhone ma tana da shi a ƙarƙashin Accessibility, haka kwamfuta mai Windows 10 ko 11. Wayar ce za ta haɗa hagu da dama a cikinta, ta aika wa amfilifaya abu ɗaya ta hanyoyin biyu, ko ta kebul ne ko ta Bluetooth. Wannan ce hanyar da ta fi dacewa da yawancin gidaje: ba kuɗi, ba yanka waya, kuma ana iya kashewa a koma sitiriyo duk lokacin da aka so.

Idan kuwa memori ko filashi ake sokawa a jikin na'urar kai tsaye, saitin waya ba zai taimaka ba. Sai a gyara karatun kansa. Masu tura karatu da waƙoƙi a shago, waɗanda ke da kwamfuta, za su iya mayar da shi mono da manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce. Malamin da zai raba karatunsa ga ɗalibai, ya kyautu tun farko ya sa a adana shi da mono, domin magana ba ta ƙaruwa da komai a sitiriyo.

Kebul mai rizista biyu

Talabijin, DVD da dikoda galibi ba su da saitin mono. A nan ake buƙatar kebul na musamman, kuma haɗa shi bai fi ƙarfin mai koyon gyara ba. Kafin nan sai a san filogi. Filogin iyafis mai faɗin milimita 3.5 yana da baƙaƙen zobba a jikinsa. Mai zobe biyu shi ne sitiriyo: tsininsa hagu, tsakiyarsa dama, gindinsa ƙasa. Mai zobe uku yana da ƙarin hanyar makirfo. Mai zobe ɗaya mono ne, kuma idan aka soka shi a ramin sitiriyo, ɓangaren dama yakan haɗe da ƙasa, a rasa sautinsa, a kuma wahalar da na'urar. Sai filogin nan masu launi da ke bayan talabijin: fari hagu, ja dama, rawaya kuma na hoto ne.

A kasuwa ana sayar da kebul mai reshe biyu. An yi shi ne don raba mafita ɗaya zuwa mashiga biyu, kuma wannan ba shi da illa ko kaɗan. Juya shi a haɗa mafita biyu su zama ɗaya shi ne kuskure. Wutar wannan mataki ƙarama ce, shi ya sa ba a cika ganin hayaƙi ba, amma faɗan iri ɗaya ne: sauti yakan dishe ko ya riƙa ƙarƙara, kuma mafitar waya ko ta talabijin tana shan wahala.

Abin da ke raba faɗan shi ne rizista, wani ɗan ƙaramin abu kamar ƙwayar shinkafa mai ƙafa biyu, wanda aikinsa rage gudun wuta. Ana buƙatar guda biyu masu ƙima ɗaya, tsakanin om 1,000 da om 4,700, masu kwatan wat. Ana gane ƙimarsu ta zobban launin da ke jikinsu. Mai om 1,000 yana da ruwan ƙasa, baƙi, ja. Mai om 4,700 yana da rawaya, shunayya, ja. Ana samunsu wurin masu gyaran rediyo da talabijin a cikin Dutse, ko a cire daga mataccen rediyo a auna da mita, masu sayen da yawa kuma sukan samo daga kasuwar Sabon Gari a Kano.

Ga yadda ake haɗawa. A yanke kebul ɗin da ke fitowa daga tushen sauti, a feɗe shi. Za a ga wayar hagu, wayar dama, da zaren tagulla tsirara da ke kewaye da su, wanda shi ne ƙasa. A liƙa ƙafar rizista ɗaya a wayar hagu da dalma, a liƙa ƙafar ɗayan a wayar dama. Ƙafafun biyu da suka rage a murɗe su wuri guda a liƙe. Wannan mahaɗa ita ce mono. Daga ita a fitar da waya biyu, ɗaya zuwa tsakiyar farin filogi, ɗaya zuwa tsakiyar jan filogi, waɗanda za su shiga AUX ko LINE IN na amfilifaya. Zaren ƙasa duka a haɗe su kai tsaye, ba rizista. A naɗe kowace mahaɗa daban da baƙin salatif kafin a naɗe su gaba ɗaya, sannan a auna da mita: tsakanin hagu da dama ta ɓangaren tushen sauti, mita ta nuna jimillar rizista biyun, wato kusan om 2,000 idan masu 1,000 aka sa.

Mu koma ga lissafinmu. Yanzu idan hagu da dama sun bambanta da bolt 1, hanyar da ke tsakaninsu om 2,000 ce, wutar da za ta gudana rabin kashi ɗaya cikin dubu na amfiya ce. Babu na'urar da wannan zai dama. Sautin da ke ɓangare guda kawai zai ɗan ragu, sai a ɗaga ƙara kaɗan. A kula, wannan kebul na gaban amfilifaya ne. Idan aka sa irin waɗannan rizista a wayar lasifika za su toshe sautin, idan kuma aka sa masu ƙaramar ƙima za su yi zafi su cinye wutar a banza.

Makarantar da ke amfani da makirfo tare da karatun waya, gara ta nemi ƙaramar miksa. A sa hagu a layi ɗaya, dama a wani layin, a tsayar da maɓallin PAN na kowanne a tsakiya. Abin da zai fita ta mafita biyun iri ɗaya ne.

Jona lasifikokin

Tunda sauti ya zama mono tun daga gaba, sai a jona lasifikar zaure a tashar L, ta cikin gida a tashar R, kowace da wayarta mai igiya biyu. Maɓallin BALANCE yanzu ya zama abin rabon ƙara tsakanin wuraren biyu. Idan lasifika ɗaya ce kawai ake so, a jona ta a ɓangare guda a bar ɗayan ba komai. Amfilifayar taransisto ba ta cutuwa da haka. Tsofaffin nan masu kwalabe a ciki su ne ba a kunna su babu lasifika.

A kiyaye ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a lasifikokin duka. Idan aka juya ɗaya, ba za ta ƙone ba, amma idan suna kusa da juna ɗaya za ta riƙa turawa ɗayar tana ja, kaurin sauti ya zube.

Son ƙara lasifika shi ne tarko na gaba. A bayan kowace lasifika akwai ƙimarta, 4Ω ko 6Ω ko 8Ω, a bayan amfilifaya kuma akwai mafi ƙarancin abin da za ta iya ɗauka. Idan aka jona lasifika biyu masu om 8 a tasha ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, sun zama om 4. Uku sun zama ƙasa da om 3. Duk yadda lambar ta sauka, haka wutar da amfilifaya za ta fitar take hawa, zafi ya ƙaru. Na'urar da aka rubuta wa 8Ω kada a ɗora mata biyu a ɓangare guda ta wannan hanya. Akwai jonin jere, inda baƙar wayar ta farko take shiga jar ta biyu: biyu masu om 8 sun zama om 16, sauti ya ɗan ragu amma na'ura ta huta. A hom tiyata da yawa kuwa, amfilifayar tana cikin akwatin wufa ne, wato babbar lasifikar kaurin sauti, kuma an auna ta daidai da 'yan lasifikokin da ta zo da su, don haka kada a ƙara mata kaya.

Idan wayar za ta yi nisa, a sa mai kauri ta tagulla, irin mai milimita 1.5, domin siririya tana cinye ƙarfi a hanya. A murɗe bakinta sosai, kada silin tagulla ko ɗaya ya tsallaka ya taɓa tashar kusa. Kuma kada a kuskura a sa wa wayar lasifika filogi da soket irin na wutar gida don sauƙin cirewa. Wata rana wani wanda bai sani ba zai soka ta a bango.

Lasifikar ƙaho, irin ta saman masallaci, an yi ta don magana. Kaurin sauti yana yaga fatar da ke cikinta, don haka idan dole ne a jona ta da rediyon ɗaki, a sauke BASS ƙasa, a kuma nemi mai gyara ya sa mata kafasito a hanya. Wadda aka rubuta wa 100V tana da taransifoma a ciki, kuma amfilifaya ta musamman take bi. Gaskiyar magana, masallaci ko makarantar da za ta riƙa amfani da ƙaho kullum, rediyon ɗaki ba nata ba ne. Amfilifayar taro irin ta Ahuja ko TOA mono ce tun daga masana'anta, tana da ramin makirfo, da yawansu kuma suna aiki da batir idan babu wuta. Kwamitin masallaci ya tara kuɗi ya sayi wannan ya fi masa arha da gyaran rediyo duk bayan 'yan watanni.

Kiyaye rai da haƙƙin maƙwabci

Kafin a taɓa kowace waya, a sauke ƙara zuwa ƙasa, a kashe na'ura, a zare filoginta daga bango. Wutar KEDCO da ta janareta da ta inbata duk kimanin bolt 230 ce, kuma tana kisa. Babu abin da ke cikin darasin nan da ke buƙatar buɗe murfin amfilifaya. Manyan kafasitocin da ke ciki sukan riƙe wuta ko bayan an zare filogi, saboda haka wannan aikin mai gyara ne.

Bayan joni, a kunna da ƙara kaɗan, a saurara, a ɗora hannu a saman akwatin bayan 'yan mintoci. Ɗumi ba laifi. Zafin da hannu ba zai jure ba, ƙauri, ƙarƙarar sauti ko na'ura ta riƙa ɗaukewa, duk alamu ne na a kashe nan take a sake duba joni. A watannin Afrilu da Mayu zafin Dutse yakan haura digiri 40, na'ura tana fara aiki ne da zafi a jikinta. A cire mayafin adon da ake lulluɓa mata kafin a kunna, a ba ta sarari daga bango, a kakkaɓe ƙurar hunturu daga ramukan iskarta. Da damina, idan hadari ya taso da walƙiya, a zare filogi da eriya da wayar da ta ratsa tsakar gida.

Ɗaya daga cikin alfanun raba lasifika wuri biyu shi ne ba sai an ƙure ƙara ba, tunda kowa tana kusa da shi. A yi amfani da wannan dama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron ƙara mai ma'aunin desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cutar da kunne ba, kuma duk yadda ƙarar ta haura, lokacin yana raguwa da sauri. Idan sai an ɗaga murya kafin na kusa ya ji magana, ƙarar ta yi yawa. Bayan katanga kuma akwai mara lafiya, da jariri, da ɗalibi mai bita, kuma haƙƙinsu yana kanmu ko da karatun Alƙur'ani muka sa.

Aiki

A aji, malami ya kawo filogi mai zobe ɗaya, mai biyu da mai uku, kowane ɗalibi ya faɗi aikin kowanne. Sannan a yi wannan lissafi a allo: amfilifaya an rubuta mata 4Ω a kowane ɓangare, akwai lasifika huɗu masu om 8. Yaya za a jona su duka, kuma me zai faru idan aka tara ukunsu a ɓangare guda? Masu wayar Android su nemo Mono audio, su sa iyafis, su ji bambancin da kunnensu, su nuna wa na kusa da su.

Duk mai rediyo a gida, ya juya bayansa cikin makon nan yana kashe, ya kwafo lambar om da ke jikin amfilifaya da ta kowace lasifika a littafinsa, ya zo da su darasi na gaba. Wanda ya tarar da wayar hagu da ta dama a murɗe wuri guda, ya raba su kafin ya sake kunnawa.